Kafin Ka Ce wa Ɗan Wani "Zan Riƙa Zuwa"

A kowace unguwa akwai babban da ya san wani yaro da ke neman kufcewa. Ya san gidansu, ya san uban ya rasu ko yana can Legas wajen nema sai Sallah-Sallah ake ganinsa, ya lura yaron ya fara kwana a ɗakin abokai, idan ya zo wuce majalisa sai ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri. Yawancinmu abu biyu muke yi. Ko mu tare shi a ƙofar masallaci mu zazzaga masa faɗa na minti goma, ko mu ce Allah ya shirya mu yi gaba. Akwai hanya ta uku da ta fi su wahala: babba ya ware lokaci ƙayyadadde, mako bayan mako, ya zauna da yaron nan guda ɗaya, ba don albashi ba, ba kuma don shi ya haife shi ba, har yaron ya sakankance akwai wani mutum a duniya da in ya ce zai zo, to yana zuwa. Wannan shi ne aikin jagoran sa kai, kuma yana da ƙa'idoji kamar kowace sana'a.

Waɗanda suka fi daɗewa suna yin sa a tsare, suna kuma auna sakamakonsa, mutanen Amurka ne. A 1904 wani magatakardan kotun yara a birnin New York mai suna Ernest Coulter ya gaji da ganin fuskoki iri ɗaya suna komowa gaban alƙali. Ya je wani taron maza ya roƙi kowa ya ɗauki yaro ɗaya ya zame masa wa, mutum 39 suka amsa. Daga nan ƙungiyar Big Brothers ta tsiro, a 1977 kuma ta haɗe da takwararta ta mata suka zama Big Brothers Big Sisters.

A 1995 wata cibiyar bincike ta Philadelphia, Public/Private Ventures, ta fitar da rahoton gwajin da ta yi a rassa takwas na ƙungiyar. Yara 959 ne, masu shekara 10 zuwa 16. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kashi ɗaya aka haɗa su da jagora, ɗayan aka bar su a jerin jira, aka koma kansu bayan wata 18. Waɗanda suka samu jagora, yiwuwar su fara shan ƙwaya ta ragu da kashi 46 cikin 100, ta fara shan giya da kashi 27, ranakun da suke fashin makaranta kuma suka ragu da kusan rabi. Abin da jagororin suka yi bai wuce haɗuwa da yaron kamar sau uku a wata ba, na wajen awa huɗu kowane zama, su je ƙwallo, su ci abinci, su yi hira. Masu tallar irin wannan aiki sun fi son waɗannan alƙaluma, amma a gaya wa mai shirin shiga gaskiya: da David DuBois da abokan aikinsa suka tattara bincike 55 a 2002, sun samu cewa amfanin a jimlace ɗan madaidaici ne, yana ƙaruwa ne inda aka horar da jagorori, aka kuma riƙa bibiyarsu.

A wannan shekarar ne Jean Grossman da Jean Rhodes suka sake tona bayanan yaran 959, suka jera su bisa daɗewar da kowa ya yi da jagoransa. Waɗanda suka kai shekara ko fiye su suka fi cin moriya. Waɗanda aka rabu da su kafin wata uku kuwa baya suka ci: darajar da suke ba kansu ta ragu, haka ma yardarsu da cewa za su iya karatu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da aka saba bari, ka zo ka ɗaga masa rai sannan ka ɓace, ka tabbatar masa da abin da dama yake zargi, cewa shi ba abin tsayawa a kai ba ne.

Akwai labarin da ya fi wannan ɗaci. A 1939 aka fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na jihar Massachusetts, aka bibiyi yara maza 506, rabinsu aka ba su masu ba da shawara da ke ziyartarsu kamar sau biyu a wata har kimanin shekara biyar, ana kai su wajen likita, ana taimaka musu da karatu, ana tura wasu sansanin hutu. Bayan shekara 30 Joan McCord ta bi sawunsu, ta wallafa abin da ta gano a 1978. Waɗanda aka taimaka ɗin sun fi sauran maimaita laifi, sun fi su alamun kamuwa da giya, sun kuma fi su mutuwa da ƙuruciya. Amma da aka tambaye su, kusan biyu bisa ukunsu cewa suka yi shirin ya amfane su. Daga baya aka lura cewa waɗanda aka tura sansani fiye da sau ɗaya, inda suka cuɗanya da kangararru irinsu, su abin ya fi yi wa illa. Jagora ya riƙe abu biyu daga nan. Godiyar yaro ba ita ce ma'aunin aikinka ba, sannan tara yara masu matsala iri ɗaya wuri guda ba tare da sa ido ba na iya zame musu makarantar koyon wata ɓarnar.

Lissafin farko

Kafin ka yi wa kowa magana, ɗauki kalanda. Za ka iya awa biyu ko uku a mako, har shekara guda cur? Duba abin da ke gabanka: aure, canjin wurin aiki, bautar ƙasa, damina idan kai manomi ne, watan azumi, tafiyar fatauci. Idan akwai wata uku da ka san ba za ka samu sukuni ba, ko dai ka jira su wuce, ko ka faɗa tun ranar farko. Zaɓi rana da lokacin da ba sa motsi, misali Asabar bayan La'asar, don yaron ya daina tambayar yaushe za ka zo. Kuma yaro ɗaya za ka ɗauka. Mai zafin nama yakan ce zai iya biyar, kafin wata biyu ya rasa ko sunayen malamansu.

Ka kuma tambayi kanka abin da kake nema. Idan so kake a ce kai ka shiryar da ɗan gidan wane, za ka gaji da wuri, domin irin wannan sauyi ba ya zuwa da ganga.

Shiga ta ƙofar gida

Ɗa na kowa ne, amma yana da masu shi. Kada ka fara da yaron, fara da wanda ke riƙe da shi. Je ka yi sallama da uban ko kawun, in kuwa uwa ce ke riƙon gidan, tafi da wanda take jin nauyinsa, ko matarka, ko babbar yayarka. Lafazin da za ka yi amfani da shi shi ne rabin aikin. Ka ce, "Alhaji, na ga yaron nan naku yana da kai, ina so in riƙa zama da shi ranar Asabar, in kun amince." Da zarar ka ce ka ga yana neman lalacewa, ka zagi tarbiyyar gidan, ko sun yi maka murmushi ƙofar ta rufe. Faɗa musu inda za ku riƙa zama, da ƙarfe nawa zai dawo, ka bar musu lambar wayarka. Sanar da mai unguwa ko limamin masallacinku ma yana da kyau, domin aikin da aka sani ba ya zama abin tsegumi.

Ƙungiyar Amurkan nan, Big Brothers Big Sisters, ba ta haɗa kowa da yaro sai ta yi masa tambayoyi, ta ji ta bakin waɗanda suka san shi, ta binciki ko yana da tarihin laifi. Duk ƙungiyar unguwa ko ta tsofaffin ɗalibai da ke son yin wannan aiki ta yi kwatankwacin haka, ko da mutumin mai rawani ne. Masu cutar da yara sun san cewa aikin taimakon yara shi ne hanya mafi sauƙi ta isa gare su, kuma ba su zuwa da kama ta mugunta. Mutumin kirki ba ya jin haushin a bincike shi. Namiji ya ɗauki namiji, mace ta ɗauki mace. A zauna inda ido ke gani: zaure, harabar makaranta, bakin shago, filin ƙwallo. Ban da ɗaki a rufe, ban da kwana, ban da hirar waya da tsakar dare. Wannan kariya ce ga yaron, kariya ce kuma gare ka.

Watannin farko

Nan ne yawancin masu kyakkyawar niyya ke faɗuwa, kuma abin da ke kayar da su wa'azi ne. Mun taso a inda babba ke magana yaro na kallon ƙasa yana cewa "to", shi ya sa idan aka ce ka yi wa yaro jagora, abin da ke fara zuwa bakinka nasiha ce. Yaron nan ya sha nasiha, a gida, a Islamiyya, a makarantar boko, a rediyo. Abin da ya rasa shi ne babban da zai yi masa tambaya ya kuma jira amsa.

Kristine Morrow da Melanie Styles sun bi wasu jagorori da yaransu a cikin ƙungiyar Big Brothers Big Sisters, suka ga sun kasu biyu. Akwai masu zuwa da jerin gyare-gyare, maki ya hau, a daina kaza, a fara kaza. Akwai kuma masu ba da watannin farko ga sabo, suna barin yaron ya sa baki a abin da za a yi. Na biyun ne alaƙarsu ta fi ɗorewa, kuma yaransu ne daga baya suka riƙa kawo matsalolinsu da kansu. Na farkon, mafi yawansu ba su kai ko'ina ba.

To me za ku yi a zaman? Ku yi wani abu da hannu ko da ƙafa. Matashi ya fi sakin baki idan kuna gefe da gefe kuna wani aiki, a kan a ce kun yi gaba da gaba kana kallon ƙwayar idonsa. Ku je kallon ƙwallo, ku gyara keke, ku zaga kasuwa, ya nuna maka abin da yake kallo a waya ba tare da ka yamutsa fuska ba. Tambayoyinka su zama waɗanda ba a amsa su da "e" ko "a'a". Maimakon "Kana zuwa makaranta kuwa?" ka ce "Wane malami ne ya fi iya koyarwa a ajinku, me yake yi daban?" In ya yi shiru, ƙyale shirun. Zai iya yin wata biyu yana ce maka "lafiya lau, Yaya" da "ba komai", wannan ba gazawa ba ce.

Zai kuma gwada ka. Wata Asabar ɗin za ka zo ka tarar ba ya nan, wata ya shirga maka ƙarya don ya ga yadda za ka yi. Ka dawo Asabar ta gaba a kan lokaci, ka ce, "Na zo makon jiya ban same ka ba, lafiya dai?" Ka tsaya nan. Ranar da kai ne ba za ka samu zuwa ba, sanar da shi tun kafin lokacin, da bakinka, ba ta bakin ɗan aike ba.

Wani tarko kuma na gida ne. Mun san ubangida da yaronsa, alaƙa mai daraja wadda ta tayar da attajirai da yawa a Kantin Kwari da Kasuwar Kurmi, amma a can yaro hidima yake yi a saka masa. A nan ba haka ba ne. Ranar da ka fara aiken sa sayen kati ko wanke maka mota, ya koma yaron gidanka, kuma yaron gida ba ya gaya wa maigida cewa ya fara shan wani abu.

Taimakon da ake gani, da maganar kuɗi

Idan sabo ya kama, shi zai nuna maka inda ke masa ƙaiƙayi. A nan ne amfanin babba ke fitowa, domin abubuwa da yawa da ke tare wa matashi hanya ƙanana ne ga wanda ya sani. Bai san cewa tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN ba, ko cewa bambancin suna ko ranar haihuwa tsakanin takardunsa zai ba shi wahala a gaba. Bai san yawancin kwasa-kwasan jami'a na neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi ba. Wanda hankalinsa ke kan sana'a bai san yadda ake zuwa wajen kanike ko tela ko mai gyaran waya a nemi gurbin koyo ba. Raka shi, ka gabatar da shi, amma shi zai yi maganar, shi zai cike fom ɗin ko da zai ɓata biyu. Burin da za ku sa ya zama ƙarami wanda ake gamawa a mako biyu ko uku, kuma nasa ne. Idan kai kake so ya zama likita shi kuma walda ke burge shi, ku tafi wajen mai walda.

Yabo ma yana da yadda ake yin sa. "Kai yaron kirki ne" ba ya kama ko'ina. "Na ga yadda ka haƙura da ƙaninka ɗazu da ya fasa maka waya" yana nuna masa an gani, kuma ya san abin da zai maimaita.

Kuɗi kuwa, yanke hukunci a kansu tun kafin a tambaye ka, domin za a tambaye ka. Sayen abinci in kun fita, ko littafi, ko kuɗin mota, ba laifi. Abin da ya fi haka, kamar kuɗin jarrabawa, ya bi ta hannun iyaye, a fili, a kuma san sau ɗaya ne. Idan kowane zama yana ƙarewa da ka sa hannu a aljihu, nan gaba ba za ka san ko kai ake jira ko aljihun ba, shi ma yaron ba zai sani ba. Kada kuma ka yi alƙawarin aiki ko gurbin karatu da ba a hannunka yake ba.

Sirri da iyakarsa

Tun a zaman farko ka gaya masa: "Abin da ka faɗa mini tsakaninmu ne, sai abu ɗaya. In na ji rayuwarka ko ta wani na cikin haɗari, ko wani yana cutar da kai, zan nemi taimako, kuma kai zan fara gaya wa." Sai ka cika duka biyun. In uban ya tare ka yana son jin abin da kuke tattaunawa, ba shi labarin ci gaban da ka gani, ka bar sauran. In yaron ya kawo ƙarar iyayensa, saurara, kada ka taya shi zaginsu. Kai na shekara ɗaya ne ko biyu, su na har abada ne, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da binciken 1995 ya gano shi ne yaran da ke da jagora sun fi samun jituwa da iyayensu.

Akwai abin da ya fi ƙarfinka, kuma sanin haka na cikin aikin. Gwamnatin Najeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma tiramol da sholisho da wiwi ba su bar unguwanni ba. Yaron da ya ɗanɗana sau ɗaya, hira da sauya abokai na iya isa. Wanda jikinsa ya riga ya saba, ko yake maganar kashe kansa, ko ya fara jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, likita yake buƙata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Naka shi ne ka shawo kan iyaye a je, ka raka su, sannan Asabar ta gaba ka zo kamar kullum. Gidan mari da ɗaure ƙafa da sarƙa ba magani ba ne.

Ta ɓangaren 'yan mata, iyayenmu sun san uwar ɗaki da ƙanwar rana tun kafin a zo da wani tsari daga waje. Abin da ya fi karɓuwa yanzu shi ne mace ɗaya ta zauna da rukunin 'yan mata a wani gida ko aji da iyaye suka yarda da shi. Haka cibiyar Centre for Girls' Education ke yi a ƙauyukan Zariya, haka ma shirin Illimin a Nijar, ana haɗa karatu da lissafi da zancen lafiya da yadda yarinya za ta faɗi ra'ayinta a gida cikin ladabi. Mai jagorar da ta fito daga yankin, wadda iyaye suka san gidansu, ta fi baƙuwa mai tarin takardu samun shiga.

Kada ka yi aikin kai kaɗai. A ƙungiyar Amurkan, akwai ma'aikacin da ke tuntuɓar jagora da yaro da iyaye kowane wata a shekarar farko. Ko ku uku ne a unguwa, ku sa wani dattijo ko malama ta riƙa yin haka, ta tambayi yaron shi kaɗai ko yana jin daɗin zaman, ta tambaye ka inda ka maƙale. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta ranar zama da abin da kuka yi, don in an shekara ka ga ko fashin makaranta ya ragu da gaske.

Idan lokacin rabuwa ya zo

Ko shekarar ta cika, ko aiki ya ɗauke ka zuwa wani gari, sanar da shi aƙalla wata guda kafin ranar. Faɗi dalilin ƙarara, ka kuma furta cewa ba laifinsa ba ne, domin in ba ka furta ba shi zai ɗora wa kansa. Ku zauna ku lissafa abin da ya iya yanzu wanda bai iya ba a da. Koma gidan ka yi wa iyayen sallama kamar yadda ka yi musu ta farko. Tun kafin nan ka tabbatar ya san wasu manya biyu ko uku da zai iya zuwa wurinsu, mai shagon da yake koyon aiki, wani malami, wani kawu da ka jawo kusa. In za ka ci gaba da kira, faɗi abin da za ka iya, sau ɗaya a wata ko ranar Sallah, kada ka ce "kullum muna tare". In kuma tun a wata na biyu ka ga jininku bai haɗu ba, gaya wa mai bibiyarku a nema masa wani, ka ci gaba da zuwa har sabon ya karɓa, ku yi zama ɗaya ku uku kafin ka janye.